Wasannin gem da ba a cika maganarsu ba: amsa ga wani ƙanena a Mabera

Ƙanena, tambayarka ta iso. Ka ce ka gaji da buga ƙwallo da GTA da Free Fire, kana da laftof na hannu da wayar Android, ga kuma tsohuwar na'urar gem ta PS2 ta yayanka kwance a ɗaki, kana son in faɗa maka wasannin da nake so waɗanda mutane ba su cika zancensu ba. Na daɗe ina riƙe da shagon gem ina kuma gyaran na'urorin, to ta nan ɓangaren zan ba ka amsa.

Ka fara sanin cewa gem ɗin da aka binne a Turai da Amurka ba lalle ne shi aka binne a Sakkwato ba. Ɗauki God Hand. Kamfanin Clover na Japan ne ya yi shi a 2006, Shinji Mikami mai Resident Evil ne ya ja ragamar aikin, amma kasuwa ta ƙi shi, shafin IGN mai sharhin wasannin gem ya ba shi maki 3 cikin 10, ba a jima ba ma aka rufe kamfanin. A can har yau ana lissafa shi cikin waɗanda aka zalunta. Mu nan kuwa, wane yaro ne ya zauna kan bencin shago zamanin PS2 bai san Gene, jarumin gem ɗin, da naushinsa ba? Haka Downhill Domination, tseren keken nan na gangaren dutse da ake shurin juna. In ka kawo mini su a matsayin ɓoyayyun wasanni dariya zan yi maka.

Abin da ya raba mu da su lissafin shago ne. Mai shago yana da 'yan talabijin ɗinsa, janareta na shan mai, yara sun yi layi. Gem ɗin da ke kawo kuɗi shi ne wanda mutum biyu za su ɗauki hannu su kara, cikin minti 10 a san wanda aka ci, ya biya ya tashi, wani ya zauna. Ƙwallo ke nan, da Mortal Kombat, da kokawa. Gem mai labarin awa 15 kuwa sai da memori, memorin nan mai mega 8 kuma sau da yawa guda ɗaya ce a shagon. Yau ka ajiye inda ka tsaya, gobe ka tarar wani ya goge ya sa nasa. A ɗauke wuta kana tsakiyar mataki, kafin a tada inji komai ya tafi. Ga kuma Turanci da sai an karanta. Da yaro ya sa irin wannan faifan za ka ji na bayansa sun fara: "Kai, wanga gem babu faɗa ciki? Hidda shi a sa muna ƙwallo." Ni ma faifan da ba ya kawo kuɗi ƙasan akwati nake tura shi, sai dare in an rufe shago nake ɗauko shi in buga ni kaɗai. Yawancin abin da zan lissafa maka irin waɗannan ne, masu son zama da haƙuri. Kai da na'urarka take hannunka, babu mai tsaye a kanka yana duban agogo.

Wanda zan sa a gaba, kuma wanda ya fi ba ni mamaki da 'yan garin nan ba su san shi ba, shi ne Age of Empires III: Definitive Edition, tare da ƙarin da aka yi masa a watan Agustan 2021 mai suna The African Royals. Ƙarin ya kawo al'umma biyu, Habasha da Hausawa. E, Hausawa. Gem ne na gina gari da shirya yaƙi. Kana kallon fili daga sama, kana tura talakawa noma da saran itace da haƙar ma'adini, kana gina fada da sansani, kana tara runduna. In ka zaɓi Hausa, mutanen da kake dannawa da Hausa suke amsa maka. Cikin mayaƙan akwai ɗan lifidi, doki da mahayi duk cikin rigar nan mai kauri da muke gani a hawan salla, shi ne mai jure bugu a gaban runduna. Akwai maharbin Fulani da bakansa, akwai wani ɗan bindiga mai tsada da suka sa wa suna Maigadi. Abin da ya fi burge ni shi ne tattalin arzikin. Bayan abinci da itace da kuɗi, al'ummun Afirkan nan biyu suna da dukiya ta huɗu, wato tasiri ko faɗa-a-ji, da ita ake ɗaukar sojan haya a kuma sayo igwa. Hausawa suna samunta ta hanyar gina makaranta kusa da fada da cibiyar ciniki, da kuma tara shanu. Shanun nan za ka iya kiwata su, in sun yi ƙiba ka kai su kara ka sayar ka karɓi itace ko kuɗi. Duk wanda ya taɓa zuwa kasuwar Acida ko ta Illela zai gane lissafin nan take: ka sayar yanzu ka fita matsi, ko ka jira su ƙara daraja abokin gaba ya riske ka ba ka shirya ba.

Akwai kuma wani yaƙin tarihi guda a ciki da suka kira Fall of the Hausa, an gina shi kan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ya faro a 1804. A nan sai ka riƙe hankalinka. Wasa ne, kuma masu yin sa sun dunƙule abubuwa don su zo musu da sauƙi. Sun sa Sarauniya Amina ta zama jagorar Hausawa, suka kuma sa Kano ta zama babban birninta, alhali kowa ya san Amina ta Zazzau ce. Shi ma jihadin, in aka mayar da shi karon ƙabila biyu kawai an rage shi, don cikin jama'ar Shehu akwai Hausawa, Malam Abdussalami na Gimbana ma yana cikinsu, kuma harin da Gobirawa suka kai wa mutanensa na cikin abin da ya kai ga hijira zuwa Gudu. Tarihin Tabkin Kwatto da faɗuwar Alkalawa a 1808 ka neme shi wajen malamai da gidan tarihi na Waziri Junaidu. Amma a matsayin gem, ban san wani da ya ba mu wuri irin wannan ba. Matsalarsa ɗaya, yana son kwamfuta mai ɗan ƙarfi. In laftof ɗinka irin na ofis ne mai RAM giga 4, zai wahalar da kai.

Tun da muna nan, bari in ambaci biyu na kamfanin Paradox na Suwidin in wuce. Victoria 3 yana farawa a shekarar 1836, zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ke nan, kuma daular Sakkwato na kan taswirar, za ka iya ɗaukarta ka mulka. Crusader Kings III kuma, in ka fara daga shekarar 867, cikin sarakunan da gem ɗin da kansa yake ba da shawarar a gwada akwai Daurama ta Daura. Ban tura ka gare su yanzu ba. Rubutu ne da alƙaluma shafi-shafi, mutum zai yi mako bai gane inda aka dosa ba, kuma suna cin kwamfuta.

Wanda laftof ɗinka zai ɗauka ko da tsoho ne, kuma wanda na fi kowane daɗewa a kansa, shi ne Mount & Blade: Warband na 2010. Kamfanin TaleWorlds na Ankara a Turkiyya ne ya yi shi, kamfanin da Armağan Yavuz da matarsa İpek suka faro su biyu. Hotonsa ba kyau, fuskokin mutanen kamar an sassaƙa su da gaggawa, shi ya sa yara ke kallo ɗaya su wuce. Ka daure masa kwana biyu.

Babu labarin da aka shimfiɗa maka. An jefa ka wata ƙasa mai suna Calradia, masarautu shida na ta yaƙi da juna, kai kuma ba kowan kowa ba, daga kai sai ɗan makami da 'yan dinarai. Ka shiga ƙauye ka nemi masu bin ka, a ba ka samari biyar ko shida, kowanne dinari 10, da sanduna da kayan gona a hannunsu. Da su za ka fara farautar ɓarayin hanya. Wanda ya tsira ya ƙware, ka biya a ɗaga shi ya zama ɗan mashi, gaba ya zama barde. To amma duk mako sai ka biya albashi, kuma sai sun ci. In hatsi kaɗai kake ba su zuciyarsu ta yi sanyi, in ka haɗa da burodi da busasshen kifi da man shanu da zuma sai ka ga ƙarfin gwiwa ya tashi. Ɗanyen nama in ya kwana biyu a kaya ruɓewa yake. In kuɗi ya yanke, da dare wasu su sulale. Dole ka koyi fatauci, ka sayi gishiri ko dabino inda yake da araha ka kai inda yake tsada, kana tafe kana duban ƙurar mahara a taswira. Ranar da aka ci ka da yaƙi ba a ce maka gem ya ƙare. Kama ka za a yi, a yi ta yawo da kai a ɗaure, a kwashe kayanka, rundunar da ka yi wata kana ginawa ta watse, ka kuɓuta kai kaɗai ka sake daga farko.

Faɗan kansa ba danna maɓalli ba ne kawai. Inda ka karkata linzamin kwamfuta nan saran zai fito, dama ko hagu ko bisa ko suka, karewa ma sai ka karanci hannun abokin karonka. A kan doki, gudun dokin yana ƙara wa saran nauyi, don haka sai ka ɗauko sukuwa daga nesa, ka sunkuyar da mashi, ka auna. Kuskure kaɗan ka afka cikin 'yan mashin masarautar Rhodok, dokin ya yi turjiya ya miƙe, su yanyame ka. Akwai masarautar hamada ta Sarranid, da Sultan Hakim da biranensa irin su Shariz da Bariyye, mafi yawan waɗanda na koya wa gem ɗin can suke fara kai caffa. Ranar da ka ci wani birni da jinin mutanenka, sarki kuma ya ɗauka ya ba wani hakimi, a ranar za ka gane dalilin da ya sa ake tawaye. Gem ɗin ya bar maka wannan ƙofar ma a buɗe.

Ga mai son harbi kuma, akwai biyu da suka saɓa wa sauran. Far Cry 2 na 2008 kusan kowa tsallake shi yake ya tafi na uku. An kafa shi a wata ƙasar Afirka da ba a ambaci sunanta ba, ƙungiyoyi biyu na yaƙin basasa, an turo ka ka kashe dillalin makaman da ke sayar wa kowane ɓangare, wani da ake kira Jackal. Kana sauka zazzaɓin cizon sauro ya kama ka, kuma ba ya sakinka har ƙarshe. Kana tsakiyar musayar wuta sai allon ya yi rawaya, gani ya dushe, sai ka laluba aljihu ka haɗiyi ƙwaya, in ta ƙare kuma sai ka je nema. Bindigar da ka tsinta hannun gawa mai tsatsa ce, tana iya cijewa a lokacin da ka fi bukatarta, har ta fashe maka a hannu. Taswira takarda ce da kake buɗewa kana tuƙi. Ka jefa wuta a busasshiyar ciyawa iska ta kwashe ta, wani lokaci ta cinye maƙiyanka, wani lokaci ta juyo kanka. Abin da aka tsane shi a kai gaskiya ne, shingayen 'yan bindiga suna sake cika da mutane da ka juya baya, tafiyar kuma da nisa. Nawa ƙorafin daban ne: sun zana ƙasa guda ta Afirka amma da wuya ka ga talaka yana harkarsa, ba kasuwa ba gona, sai masu bindiga. Duk da haka ban buga gem ɗin harbi da shirinka ke wargajewa ta hanya mai daɗi irin wannan ba.

Na biyun Spec Ops: The Line ne, na kamfanin Yager da ke Balin, 2012. Guguwar rairayi ta binne Dubai, an tura Kyaftin Walker da sojoji biyu su dubo ko akwai masu rai. Awa biyun farko za ka rantse irin gem ɗin sojan Amurkan nan ne da ka saba, akta ya zo ceto. Da gangan suka yi haka. Sannu a hankali abin ke juyewa, har ka kai wani wuri da za ka yi amfani da wani makami mai ƙona jiki kana kallo ta allon na'ura daga sama, sannan gem ɗin ya sa ka taka da ƙafa ka ratsa ta cikin abin da ka aikata. Ba zan ƙara ba. Mu da muke jin labarin abin da bindiga ke yi a ƙauyukan gabashin jihar nan, wannan gem ɗin ba ya shigar mu kamar yadda yake shigar wanda yaƙi a talabijin kawai ya san shi, don haka ban ba yaro shi ba. Tun watan Janairun 2024 an cire shi daga kasuwannin intanet saboda wa'adin wasu lasisi ya ƙare, sai dai faifan PS3 ko Xbox 360 in ka ci karo da shi.

Wasu kuma ranar fitowa ce ta kashe su. Titanfall 2 ya fito ranar 28 ga Oktoban 2016, mako ɗaya bayan Battlefield 1, mako ɗaya kafin Call of Duty na shekarar, kuma abin dariyar shi ne kamfanin EA ne ya fitar da shi da Battlefield ɗin duka. Labarinsa gajere ne, awa shida ka gama, kai da wani ƙaton mutum-mutumi mai suna BT. Akwai mataki guda da kake danna maɓalli ɗaya kana tsalle tsakanin jiya da yau a cikin gini ɗaya, nan gini ne lafiyayye cike da masu gadi, can kango ne da wuta da namun daji. Don wannan matakin kaɗai ya cancanci a buga shi, sai dai nauyinsa ya kai giga 45. Mai son GTA kuma ya nemi Sleeping Dogs na 2012. Ɗan sandan ciki ne mai suna Wei Shen ya kutsa ƙungiyar 'yan daba a Hong Kong. Bindiga ba ta da yawa, faɗan hannu ne irin na finafinan Chana da muka tashi da su, kama hannu, karya ƙafa, buga kan mutum da ƙofar shago. Activision sun yi watsi da aikin yana dab da ƙarewa, Square Enix suka ɗauka suka fitar, kamfanin da ya yi shi kuma ya rufe a 2016, ba a kuma yi na biyu ba. Na manya ne, kar ka kunna shi gaban ƙannenka.

PS2 ɗin nan, kafin ka jona ta ka duba bayanta. In babbar ce kuma daga Amurka ta zo, wutar 110 take sha, ka sa ta kai tsaye a soket ɗinmu ka ji ƙauri. Sai da na'urar rage wuta. Ka kuma busa ƙurar da ta sha, don idon da ke karanta faifai shi ne farkon abin da hazo da ƙurar garin nan ke kashewa. In ta tashi, nemi Ico na 2001, aikin Fumito Ueda. Yaro ne da aka haifa da ƙaho, mutanen ƙauyensu suka kai shi wani katafaren gidan sarauta da ba kowa suka kulle. Ya tarar da wata yarinya, Yorda, a keji. Ba ya jin yarenta, kai ma ba a fassara maka. Duk gem ɗin riƙe R1 ne ka kama hannunta ku nemi hanyar fita, kana tura akwati, kana hawa sarƙa, kana miƙa mata hannu ta tsallako rami. In ka bar ta ita kaɗai ka daɗe, wasu inuwoyi su fito su ja ta cikin wani baƙin rami, kai kuma sanda ce kawai a hannunka. Babu ma'aunin jini a allo, babu taswira. Ajiye wasa ma sai kun sami wani bencin dutse kun zauna ku biyu. A shago ba a taɓa barin sa ya yi minti biyar ba.

Sai Beyond Good & Evil na 2003, na Michel Ancel mai Rayman. Jade 'yar jarida ce mai ɗaukar hoto, tana riƙon marayu, kuma gem ɗin yana buɗewa ne da an kawo hari an kuma yanke mata wutar da ke kare gidan saboda ba ta biya kuɗin wuta ba. Ban san wanda zai fi mu fahimtar wannan ba. Makaminta na gaske kyamara ce, tana ɗaukar hoton dabbobi ta sami na cefane, tana kuma laɓaɓawa ta ɗauko hujjar cewa sojojin da ke cewa suna kare jama'a da hannunsu a satar mutane. Ubisoft sun sake shi lokaci ɗaya da Prince of Persia: The Sands of Time, nasu ya danne nasu. In gaya maka tun yanzu, kawun nata da ke rakiyarta alade ne mai magana sanye da wando, kar ka ce ban faɗa ba.

Waya kuma. Na san kana da PPSSPP, manhajar nan mai buɗe wasannin PSP, ƙaramar na'urar gem ta hannu ta Sony, kuma na san abin da ke ciki, ƙwallo da God of War. Ƙara Patapon. Sony suka fitar da shi a Japan a 2007. Wasu 'yan halittu ne baƙaƙe, kowanne ido ɗaya da ƙafafu, riƙe da masu da baka da garkuwa, kuma ba ka iya tura su ko'ina da hannu. Ganga huɗu gare ka: maɓallin akwati Pata, da'ira Pon, mai kusurwa uku Chaka, X kuma Don. Ka buga Pata Pata Pata Pon su yi gaba. Pon Pon Pata Pon su kai hari. Chaka Chaka Pata Pon su tsaya su kare. Kai bugu huɗu, su amshi huɗu, haka za ku yi ta karɓa-karɓa. Aikinka aikin makaɗin gayya ne a gona, ba ya riƙe da fartanya amma hannunsa ne ke tafiyar da manoman, in ya saki kiɗa kuyya ta karkace. In ka jera bugu ba kuskure sai su hau wani shauƙi, waƙar ta canza, kibau su yi ta zuba. Ka kuskure ɗaya su tsaya cirko-cirko suna kallonka, dodo kuma ya taka su. Ƙarƙashin wannan kiɗan akwai lissafin yaƙi sosai: wa za ka sa gaba, yaushe za ka ja da baya tun da umarninka sai bayan bugu huɗu yake aiki, yaya iska ke kaɗawa don tana rage wa kibiya nisa. Abu biyu. Kar ka buga shi da abin kunne na Bluetooth, sautin yana makara, za ka yi ta faɗuwa kana zargin kanka, nemi mai waya. Sannan a labarin, halittun suna ɗaukar mai kiɗan a matsayin abin bautarsu. Tatsuniya ce, amma akwai wanda hakan ba zai kwanta masa ba, gara ya sani tun kafin ya fara. Haka Okami na PS2, kyakkyawan gem ne ƙwarai amma kacokan kan allolin gargajiyar Japan aka gina shi.

Brothers: A Tale of Two Sons na 2013 yana nan a Android, amma da hannun gem ya fi daɗi. Josef Fares ne ya yi shi, haifaffen Labanan da ya girma a Suwidin. Wa da ƙane ne suka fita nemo wa mahaifinsu magani, babban yatsanka na hagu yana tafiyar da wan, na dama ƙanen, lokaci ɗaya. Minti 20 na farko hannayenka za su yi ta rikicewa. Ƙanen yana tsoron ruwa don a ruwa mahaifiyarsu ta rasu, in za a haye kogi sai ya ɗafe bayan wansa. Ka riƙe wannan a ranka har ƙarshe. Ba Turanci ko kalma ɗaya a bakinsu, wani yare ne aka ƙirƙira da ɗan ƙamshin Larabci, awa uku ka gama. In kuma kana son abin da ba ya cin data ba ya cin kuɗi, Mindustry kyauta ne a Android. Kana haƙo tagulla da dalma, kana shimfiɗa bel mai ɗaukar kaya zuwa bindigogin da ke tsaron sansaninka, kuma kai da abokinka za ku iya haɗuwa ta hotspot ku yi tare ba tare da intanet ba. Yaran da ke karatun injiniya su na fi ganin ya kama.

Guda ɗaya na Afirka, don kar a ce duk na waje na lissafa. Aurion: Legacy of the Kori-Odan ya fito a 2016 daga kamfanin Kiro'o Games da ke Yawunde a Kamaru, wanda Olivier Madiba ya kafa. Zanen hannu ne, labarin Enzo da amaryarsa Erine, waɗanda ɗan'uwan amaryar ya yi wa juyin mulki ranar aurensu da naɗin sarauta, suka fita gudun hijira suna neman ƙarfin kakanni. Faɗan yana da sauri, tufafi da gine-ginen namu ne na nahiyar nan. Yana da gargada, zancen ya yi yawa a wasu wurare, tsalle-tsallen kuma wani lokaci yana ba da haushi. Na sa shi ne don maƙwabtanmu ne suka yi shi, da irin wutar lantarkin da muke fama da ita, kuma yana tafiya a ƙaramin laftof.

Da kayan da ka lissafa, Warband a laftof da Patapon a waya za ka fara, su ne ba za su nemi ka sayi wata sabuwar na'ura ba. Na kwamfutar kuma kar ka saya da cikakken farashi. Steam, kasuwar wasannin kwamfuta ta intanet, suna yin babban rangwame sau biyu da ba ya tashi, ƙarshen Yuni da ƙarshen Disamba, kuma tsofaffin wasanni irin Warband da Titanfall 2 da Sleeping Dogs suna faɗowa ƙasa sosai. Ka sa su cikin jerin abin da kake so, za su turo maka saƙo in farashin ya sauka. Saukewar ka bari sai dare da datar dare, ka ɗora laftof ɗin kan tebur ko tire, ba kan katifa ba, musamman a zafin Afrilu da Mayu.